Lasisin wa'azi da rufe gidan rediyo: wa ke da ikon cewa a yi shiru?

Baban Sadik, Minna: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna maganar da ta taso a jiharmu ta Neja a watan Satumba na 2025. Hukumar kula da harkokin addini ta ce duk mai wa'azi ya je ya cike takarda, a tantance shi, a ba shi lasisi cikin wata biyu. Gwamna Umaru Bago kuma ya fito a talabijin ya ce a riƙa kawo huɗuba a duba kafin a hau mumbari da ita. Da surutu ya yi yawa sai aka ce ba wa'azi aka hana ba, tsari ake so a kawo. Ni dai a matsayina na uba ina goyon baya. Direba sai da lasisi, likita sai da lasisi, amma wanda zai zuba wa 'ya'yanmu aƙida a kai, kowa ma ya sayi lasifika ya kafa? Me kuka gani?

Matashin Kurna: Wa alaikumus salam. Baba wallahi ka faɗi gaskiya. Ka shiga TikTok ka ga yaran da ko Ahalari ba su sauke ba suna kafirta manyan malamai. A kama su kawai.

Malam Bagobiri: Baban Sadik, Allah ya raya Sadik. Kafin mu yi nisa ina so in tuna mana abin da duk muka karanta a makaranta, amma muke mantawa idan irin wannan magana ta zo. Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ta fara yawa a ƙasar Gobir, Sarki Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa da dokoki uku: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci wurin iyayensa ba ya koma addinin da ya tarar a gidansu, maza kada su naɗa rawani, mata kada su yi lulluɓi. Ku dubi ta farkon nan da kyau. Nafata bai rufe bakin kowa da kowa ba, ya bar wa mutum ɗaya izini ne ya hana almajiransa. Kafin shi kuma, da Shehu ya haɗu da Bawa Jan Gwarzo a filin idi na Magami, ya ƙi karɓar kyautar sarki, abin da ya fara roƙa a madadinta shi ne a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kuma kada a hana kowa amsa kiran. Mu da muke alfahari da wannan tarihi, da wace fuska za mu miƙa wa gwamna alƙalami mu ce shi zai zaɓi wanda zai hau mumbari?

Baba Alhaji, Maiduguri: Malam, Allah ya gafarta maka. Tarihi ka kawo mai kyau, amma ni ba a littafi na karanta nawa ba, a ƙofar gidana ya same ni. Ina saurayi lokacin rikicin 'yan Maitatsine na Bulumkutu a 1982. Kafin nan an yi na 'Yan Awaki a Kano a Disambar 1980, wanda kwamitin binciken gwamnati ya ce mutum 4,177 suka mutu. Aka yi Jimeta a 1984, aka yi Gombe a 1985. Duk daga ina? Daga mutum ɗaya da aka bari yana tara yara yana faɗa musu abin da ya ga dama. Sannan da girmana na ga Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, yana wa'azi a unguwar Railway, kaset ɗinsa na yawo a kasuwa, yara suna yaga takardun makaranta, kowa na cewa a bar shi, ai wa'azi yake. Yulin 2009 ya zo, kuma har yau ba mu gama binne mutane ba. Ina da 'yan'uwa da suka bar ƙauyensu shekara fiye da goma ba su koma ba. Wanda duk zai yi mini maganar 'yancin wa'azi, ya fara zuwa sansanin 'yan gudun hijira ya faɗa musu.

Malam Bagobiri: Baba, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya mayar da na gudun hijira gidajensu. Ba ni da bakin da zan yi jayayya da abin da idonka ya gani. Tambaya ɗaya kawai zan yi, kuma kai ka fi ni sanin amsarta. A zamanin da Yusuf ke tashe, wa ya riƙe kujerar kwamishinan harkokin addini a Borno? Buji Foi, wanda kowa ya san na jikin Yusuf ne. To da a ce ma'aikatar ce ke raba lasisi a lokacin, wa kake gani zai fara samu? Wa kuma za a ja wa rai? Waɗanda suka tsaya suka warware shubuhar Yusuf da hujja, irin su Malam Ja'afar da aka harbe yana limancin asuba a Ɗorayi a 2007, da Malam Albani da aka kashe a Zariya a 2014, ba gwamnati ce ta aike su ba.

Baba Alhaji, Maiduguri: Wannan haka yake. Amma lalacewar mai riƙe da doka ba ta sa a ce kada a yi doka.

Barista Maman Amira: Salamu alaikum. Baba Alhaji da Malam, ku ba ni dama in shigo, don na ga kamar ana cakuɗa abu biyu.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai ce 'yanci ba shi da iyaka ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da yaɗa shi da koyar da shi. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki da karɓar labari da isar da shi. Sai sashe na 45 ya zo ya ce ana iya yin dokar da za ta taƙaita su saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko don kare haƙƙin wasu, da sharaɗin dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Saboda haka duk wanda ya ce "ina da 'yanci in faɗi komai" bai karanta kundin ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yaushe ake sa iyakar, kuma wa ke sa ta. Akwai hukunta mutum bayan ya yi magana, a gaban alƙali, a kawo faifan, a kawo shaidu, ya kare kansa, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Akwai kuma hana shi buɗe baki tun farko sai wani jami'i ya sa hannu. Na farkon muna da shi tuntuni. A dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960, tunzura jama'a laifi ne a sashe na 114, cin mutuncin addinin wani laifi ne a sashe na 210, ɓata suna ma laifi ne. Baba, Yusuf ba rashin doka ne ya bar shi ba. An kama shi ba sau ɗaya ba, ana sakinsa yana komawa gida ana yi masa tarba. Takardar lasisi ba za ta yi abin da 'yan sanda da kotu da 'yan siyasa suka ƙi yi ba.

Baban Sadik, Minna: Barista, to likitan fa? Ai shi ma tun kafin ya taɓa mara lafiya ake tantance shi.

Barista Maman Amira: Likitoci ne ke tantance likita, Baban Sadik, kuma a kan ilimin da ba su saɓa a kansa ba. A wa'azi wa zai tantance wa? Ɗan Izala ya zauna ya duba takardar ɗan Tijjaniyya, ko ɗan ɗariƙa ya duba ta ɗan Izala? Su biyun kuma su haɗu a kan ɗan Shi'a? Sannan dattijon da ya yi shekara arba'in yana karantar da Risala da Muhtasar a zaure, ba shi da takardar shaida ko ɗaya, a wane layi za a sa shi?

Anti Mai Labarai: Ni abin da ya hana ni yarda da maganar Neja ba ma lasisin ba ne, abin da ya riga shi ne. 'Yan makonni kafin nan gwamnan ya ba da umarnin a rufe gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna, yana zarginsu da tunzura jama'a. Ba kotu, ba sammaci. Har sai da ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, wanda shi ma ɗan Neja ne kuma jam'iyyarsu ɗaya, ya fito ya ce hukumar NBC ce kaɗai ke da hurumin dakatar da lasisin gidan rediyo. Hannun da ya nuna gidan rediyo ya ce a rufe, shi ne kuma zai karɓi huɗubar Juma'a ya duba. Limamin da ya rubuta cewa 'yan bindiga sun hana mutanen Shiroro da Mariga noma, kuma gwamnati ta gaza, kuna ganin huɗubarsa za ta dawo yadda ya kai ta?

Ba hasashe nake ba. A watan Afrilun 2022, bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, Sheikh Nuru Khalid ya yi huɗuba a masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo, ya soki gwamnati kan kashe-kashe. Kwamitin masallacin ya dakatar da shi, bayan kwana biyu ya sallame shi. Bai zagi addinin kowa ba, bai ce a ɗauki makami ba. Wannan kwamitin masallaci ne kawai. Ina ga an ba gwamna wannan iko a rubuce?

Matashin Kurna: Anti ku ma 'yan jarida ba ku da gaskiya. Wa ya jawo rikicin Kaduna na sarauniyar kyau?

Anti Mai Labarai: Ƙanena, ba zan kare wannan rubutun ba ko da wasa. Abin da jaridar ThisDay ta buga kan gasar a Nuwamban 2002, wanda ya taɓa Annabi (SAW), rashin hankali ne da rashin sanin inda ake, kuma editan da ya bari ya wuce ya fi marubuciyar laifi. Jaridar ta nemi afuwa, amma mutum sama da 200 sun riga sun tafi, yawancinsu ko ganin jaridar ba su yi ba. Aikinmu yana iya kashe mutane, na yarda. A Ruwanda a 1994 gidan rediyo ne ya riƙa karanta sunayen waɗanda za a bi a kashe. A nan gida ma, ka kunna rediyo da dare a Kano ka ji sojojin baka, an saya musu fili suna zagin iyayen mutane, gidan rediyon ya karɓi kuɗinsa ya kau da kai. Wannan abin kunya ne a gare mu.

Amma ka duba su wa ake hukuntawa a zahiri. A 1984 Doka ta 4 ta mulkin soja ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda kan labarin naɗin jakadu. A Agustan 2022 NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da suka yi kan 'yan bindigar daji, wato don sun nuna abin da mutanen Zamfara ke gani kullum. A Oktoban shekarar gwamnatin Zamfara ta rufe kafafe har da NTA Gusau don sun ɗauki taron 'yan adawa. Jaafar Jaafar da ya saki bidiyon dala a 2018 sai da ya bar ƙasar. A Mayun 2025 gwamnatin Kano, wadda a lokacin ba ta APC ba ce, ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Ba jam'iyyar da ta tsira daga wannan hali. Mai zagin talaka yana nan yana shirinsa, mai taɓa gwamna shi ake rufe wa baki. Ni kaina an taɓa kiran shugabanmu a waya daga wani ofishi bayan na karanta rahoton asibitin da ba magani, washegari aka mayar da ni shirin gaisuwa.

Ɗan Kafanchan: Gaisuwa ga manya. Ni Kirista ne, yawancinku kun sani, kuma garinmu ya san abin da wa'azi ke iya haifarwa. Rikicin Maris 1987 a kwalejin ilimi ya fara, daga wa'azin wani mai bishara, kafin kwana biyu wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Duk da haka lokacin da gwamnatin El-Rufai ta kawo ƙudurin dokar wa'azi a 2016, wanda ya ce a riƙa sabunta lasisi duk shekara, ban goyi baya ba, kuma ba mu kaɗai muka ƙi ba, malaman Musulunci da yawa sun ƙi.

Abin da nake so 'yan'uwana Musulmi su ji shi ne wannan. Idan ana maganar hijabi a makarantun Legas ko Kwara, kuna kawo sashe na 38, kuma kuna da gaskiya, Kotun Ƙoli ma ta ba ku gaskiya a shari'ar Legas a 2022. To sashen nan dai shi ne ya ba ni damar gina coci. Akwai garin da ikilisiyarmu ta yi shekaru tana neman takardar fili, ba a ce a'a ba, ba a kuma bayar ba. Shi ne kuma ya ba mutum damar sauya addini, ko daga wane ɓangare zuwa wane. Ba a yanka sashen biyu a ɗauki rabi.

Hajiya Yaya: Ɗan Kafanchan, maganarka tana kan hanya. Allah ya ce babu tilas a addini, kuma ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Na ƙara da cewa 'yan'uwanmu Musulmi a wasu garuruwan Kudu maso Gabas suna kuka irin naka kan filin masallaci. Duk inda mutum ya zama 'yan tsiraru, a nan yake gane amfanin wannan sashe.

Matashin Kurna: Duk na ji. Amma maganar taɓa janibin Annabi (SAW) babu wani sashe. Nan ne jan layi. Wanda ya taɓa ya san sauran.

Mai Zaure: Matashi, a kula da harshe. Ba a yi wa kowa barazana a zauren nan. Ka faɗi ra'ayinka, amma "ya san sauran" ba ta da wuri a nan.

Malam Bagobiri: Ɗana, babu Musulmin da ke cikin zauren nan da zai ji an taɓa Manzon Allah (SAW) zuciyarsa ba ta tafasa ba. Amma "sauran" nan da ka ce, wa zai yi shi? A wane littafin fiƙihu ka ga an ba taron kan titi hukuncin kisa? Malikiyyar da muke bi ta sa wannan a hannun alƙali, da shaidu, da tabbatar da lafazin, da duba hankalin wanda ya faɗa. A Mayun 2022 aka kashe ɗalibar nan a kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato aka ƙona gawarta, fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir. Bayan shekara guda, a garin dai, aka jefe wani mahauci a kasuwa, Musulmi mai salla, kan maganar da ta fito a cikin gardama. Wa ya saurari shaida? Wa ya tambaye shi me yake nufi? Ranar da aka bar wa taro wannan iko, duk mai bin ka bashi ko mai jin haushinka a kasuwa ihu ɗaya zai yi.

Matashin Kurna: To ai shi ya sa na ce gwamnati ta shigo, Malam. Kamar yadda aka yi wa Abduljabbar, malamin Kano da aka zarga da ɓatanci.

Barista Maman Amira: Shari'ar Abduljabbar ta nuna abu biyu a lokaci guda. An yi muƙabala a Yulin 2021, an kai shi kotun shari'a ta Ƙofar Kudu, an yanke hukunci a Disambar 2022, yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma ba a ƙona gidan kowa a kai ba. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, wannan ya fi titi nesa ba kusa ba. Amma tun a Fabrairun 2021 gwamnati ta rufe masallacinsa ta hana shi wa'azi, kafin wani alƙali ya ji ta bakinsa. Da yawa sun yi murna don ba sa ƙaunarsa. Ikon da aka yi amfani da shi a ranar bai tafi da Ganduje ba, yana nan a ofis yana jiran malamin da gwamna na gaba ba ya so.

Kuma kotu ma sai an bi ƙa'ida. Mawaƙin nan Yahaya Sharif-Aminu an yanke masa hukuncin kisa a Agustan 2020 ba tare da lauya ba, shi ya sa babbar kotu ta soke ta ce a sake shari'ar. A Afrilun 2025 kuma kotun ECOWAS ta ce sassan dokar ɓatanci na Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin da Najeriya ta sa wa hannu. Na san yawancin zauren nan ba za su karɓi wannan ba, kuma ba cewa nake ku karɓa ba. Ina faɗa ne don a san maganar ba ta mutu ba a fagen shari'a.

Hajiya Yaya: Su Turawan da ke matsa mana ai su ma suna da nasu jan layin. A Jamus ka musanta kisan ƙare dangin Yahudawa ɗauri ne. Faransa ta hana ɗalibai mata ɗaura kallabin hijabi a makarantun gwamnati tun 2004, ta hana niƙabi a 2010. Denmak da kanta ta yi dokar hana ƙona Alƙur'ani a ƙarshen 2023.

Barista Maman Amira: Haka ne Hajiya, babu ƙasar da ba ta da iyaka, kuma dokar Faransa kan hijabi zalunci ce a ganina. Sai dai ki lura, dalilin da Faransa ta bayar shi ne kare tsarin ƙasa da zaman tare. Irin dalilin da ake ba mu a nan ke nan idan za a hana wani. Idan mun ƙi shi a Faris, sai mu yi hattara da shi a Minna.

Na Maraɗi: Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan mun ɗanɗana duka biyun. A Janairun 2015, kan zanen Charlie Hebdo da aka yi a Faransa, aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, 'yan Nijar ne ba Faransawa ba. A Yunin 2019 gwamnati ta kawo dokar tsara harkokin ibada, wani limami a nan Maraɗi ya soke ta, aka kama shi, matasa suka fita cikin dare suka ƙona coci. Ku duba, dokar da aka kawo don zaman lafiya ita ta tada wutar, kuma wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya.

Yanzu kuma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe RFI da France 24, a Disambar 2024 aka dakatar da BBC wata uku. Mutane da yawa sun yi tafi, suka ce kafafen 'yan mulkin mallaka ne. Ni ma ina da haushin Faransa. Amma tsohon da ke ƙauye da rediyonsa, wanda sashen Hausa ne ke gaya masa abin da ya faru a Tilaberi, me aka ba shi a madadi? Jita-jitar WhatsApp. Kuma 'yan jaridarmu na gida da ake tsarewa ba Faransawa ba ne.

Malam Bagobiri: Na Maraɗi ya taɓo inda ke mini ciwo. Mu yi wa kanmu adalci. A Disambar 2015 sojoji suka yi wa 'yan Shi'a abin da suka yi a Zariya, jami'in gwamnatin Kaduna ya faɗa wa kwamitin bincike da bakinsa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Mu nawa ne a cikin Ahlus Sunna muka buɗe baki? Na saɓa da aƙidarsu, na kuma sha takaicin tare hanyar da suke yi, amma shirun da muka yi ya koya wa masu mulki cewa idan suka zaɓi wanda jama'a ba sa so, ba mai tambayarsu. Imamu Ahmad bulala ya sha a hannun halifa Musulmi, da fatawar malaman fada, don ya ƙi faɗin abin da hukuma ta ce kowa ya faɗa. Hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba, ta yaya za a yi aiki da shi idan sai shugaban ya karanta ya amince?

Baban Sadik, Minna: To na ji, jikina ya ɗan yi sanyi da maganar duba huɗuba. Amma kada a bar ni hannu rabbana. Unguwarmu akwai mai kunna lasifika daga bayan isha'i har ƙarfe ɗaya na dare, ga marasa lafiya, ga jarirai. Shi ma 'yanci ne?

Barista Maman Amira: A'a. Wannan gwamnati na da cikakken iko a kai, don ba ruwanta da abin da yake faɗa, ƙarar ce matsala. A sa lokacin kashe lasifikar waje, a hana tare babbar hanya ranar Juma'a ko Lahadi ba tare da shiri da hukuma ba, a hana wa'azi cikin motar haya inda fasinja ba shi da wurin gudu, kuma dokar ta hau kan masallaci da coci da mai gidan biki daidai wa daida. Rajistar wuraren ibada don a san wa ke da alhakin wuri, ita ma ban ƙi ba, in dai ba za a iya hana mutum saboda aƙidarsa ba. Wanda kuma ya hau mumbari ko ya shiga rediyo ya ce a je a far wa wasu, ko ya ambaci sunan mutum ya halatta jininsa, a kama shi a ranar, a kai shi kotu cikin lokacin da doka ta ce, ko malamin gwamna ne.

Baba Alhaji, Maiduguri: 'Yata, "ko malamin gwamna ne" ɗin nan ita ce ba a yi. Kin ce a jira ya faɗa sannan a kai shi kotu. Kotun da shari'ar fili ke shekara goma? Yusuf bai taɓa hawa mumbari a farko ya ce a yanka mutane ba. A hankali ya riƙa cire wa yara ƙaunar iyayensu da ƙasarsu, shekara da shekaru, kuma babu jimla ɗaya da za ki ɗauka ki kai wa alƙali. Lokacin da ya faɗi wadda za a iya kamawa, yana da dubban mutane a bayansa. Ni ban ce a ba gwamna ba, Malam ya gamsar da ni a nan. Amma a samu majalisar malamai ta kowane ɓangare, wadda ba gwamna ke naɗa ta ba, ba shi ke biyanta ba, ta iya kiran mutum ta zaunar da shi tun abin yana ƙarami.

Barista Maman Amira: Baba, kira da zaunarwa da yi masa raddi a bainar jama'a, na sa hannu. In ta ga laifi ta kai ƙara kotu da sunanta, na sa hannu. Hanawa da bakinta ne ban yarda ba, don ranar da aka ba ta wannan iko, ranar 'yan siyasa za su fara neman kujerun cikinta.

Baba Alhaji, Maiduguri: To in ta kira shi ya ƙi zuwa fa? Yusuf an zauna da shi, manyan malamai sun yi masa nasiha har a Saudiyya, ya dawo ya ci gaba.

Anti Mai Labarai: A nan ne ake buƙatar gidan rediyon da ba ya tsoro, Baba. Wanda zai je unguwar ya ɗauko rahoto, ya faɗi wane ɗan siyasa ke kai masa kuɗi, wane babba ne ya buga waya aka sake shi. A Maiduguri mutane sun san waɗannan abubuwa tun kafin 2009, a majalisa ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa.

Baba Alhaji, Maiduguri: Mun sani, 'yata. Har sunaye mun sani. Amma ko a lokacin an faɗa a rediyo, ban ga wanda zai je ya kamo su ba.